Zabibin Da Na Jiƙa Wa Aurenmu

"Buɗe mu gani."

Hajiya Fusena ce ta faɗa, mahaifiyar Basit, saurayin da zan aura. Tana tsaye a tsakar gidanmu na unguwar Maamobi, ko tabarmar da Mma, mahaifiyata, ta shimfiɗa mata ba ta kalla ba. A bayanta Salwa ce, 'yar ƙanwarta, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka jawo dole. Basit kuwa ya toge a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai, da gani daga shagonsa na kasuwar kayan mota ta Abossey Okai aka kirawo shi.

Ni har dariya ta so kama ni. Da ƙarfin gwiwata na shiga ɗaki na rungumo babbar kwalbar daga ƙarƙashin gado, na dire ta a gabansu. Me zan ɓoye? Zabibi ne da dabino da ɓawon lemu, na jiƙa su cikin ruwan abarba da zuma. Da hannuna na matse abarbar.

Na kwance ledar da na ɗaure bakin da ita, na murɗa murfin.

Sai ya yi wani huci ya kufce daga hannuna, kumfa ya biyo baya.

Warin da ya tashi ban taɓa jin sa a ɗakina ba, amma na san shi. Kowa a gidan ya san shi. Shi ne warin mashayar nan ta bayan babbar gota, wato kwatar unguwa, wadda muke toshe hanci idan za mu wuce.

"Innalillahi..." in ji Mma, ta dafe bango.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Juyawa kawai ta yi ta dubi ɗanta.

"Ka ji da hancinka, Abdul-Basit. Ba ni na faɗa ba."

Sana'ata kek, tun ina 'yar ƙarama. Anti Akwele ce ta koya min, Kirista 'yar ƙabilar Ga da muke haya gida ɗaya da ita tun kafin a haife ni. Duk Disamba idan Bronya ta ƙarato, wato Kirsimeti, takan yi wani baƙin kek mai nauyi, cike da zabibi da kashu da soyayyar gyaɗa, ƙamshinsa ya hana unguwa sakat. Ita da giya take jiƙa nata zabibin. Ranar farko na ce mata ni ba zan taɓa kwalbar nan ba ko da tsinke. Ta yi dariya ta ce to in gwada da ruwan abarba, in ya yi daɗi ta sara min. Ya kuwa yi. Nakan jiƙa na kwana kaɗan, in buga bota da sukari har kafaɗata ta yi tsami, in zuba ƙwai da fulawa da kirfa da kanumfari, in gasa a tukunyar yashi bisa kurfoti, wato murhun gawayi, garwashi sama da ƙasa. Kirista suna saye, Musulmi ma suna saye, don kowa ya san na Mariatu babu komai a ciki.

A kan kek ɗin nan na haɗu da Basit. Maigidan da ya koya masa sayar da kayan mota ne ya aiko shi karɓar odar Bronya. Na ba shi ɗan gefen da ya karye ya ɗanɗana, sai na ga bawan Allah yana tsince kashun ɗaya bayan ɗaya yana bar min sauran. Na ce masa wannan ai rainin sana'a ne. Ya ce shi fa in ya ga abin da yake so ba ya iya jira. Washegari ya dawo wai an manta ba a ba shi leda ba. Tun daga nan hanyar Abossey Okai ta koma bi ta ƙofar gidanmu, alhali ko makaho ya san ba hanya ba ce.

Na so shi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Irin son da in na ji ƙarar babur ɗinsa a lungu sai cokali ya faɗi daga hannuna.

Ranar da manyansa suka kawo goro gidanmu, ya ja ni gefe ya ce shi ba ya son farin kek mai ado ranar bikinmu, wancan baƙin yake so, a cika masa kashu. A ranar na jiƙa zabibin. Na sha jin Anti Akwele na cewa gwargwadon daɗewarsa a jiƙe, gwargwadon daɗinsa, ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa nata da giya yake daɗewa ba. Na ɗaure bakin kwalbar tam, na yi wa kaina alkawarin ba zan buɗe ba sai an sa rana.

Sa ranar nan ita ce ta gagara. Da farko Hajiya ta ce a jira yayanta ya zo daga Yamai. Ya zo ya koma, aka ce an yi rasuwa a dangi, ba a maganar biki. Aka share makoki, ta ce ƙafarta ta tashi. Damina ta wuce, zafi ya shigo, kwalbata tana ƙarƙashin gado a ɗaki mai rufin kwano. Nakan jawo ta in girgiza, in ga 'yan ƙananan kumfa suna hawa, in ji daɗi wai zabibina yana nuna.

Salwa ita ma ta gani. Ta riƙa zuwa wai tana son koyon kek, tana kira na "amaryarmu", ni kuma da wautata har ɗakina na kai ta na nuna mata. Ta daɗe tana kallon kumfan nan. Ashe tun suna yara ake mata tsiya da matar Basit, ita kuma ba ta ɗauke shi wasa ba. Ita ta kai wa Hajiya cewa mai yi wa Kirista kek ba za ta rasa zuba abin da suke zubawa ba, in ba a yarda ba a zo a buɗe.

To an zo an buɗe.

Na rantse da Allah, na rantse da kabarin Baba. Na ce ban san yadda aka yi ba, kuma gaskiyata ke nan, ban sani ba. Ban damu da Hajiya ba, ban damu da matan gidan da suka leƙo ta tagogi ba. Mutum ɗaya nake kallo.

Ya tako a hankali, ya durƙusa gaban kwalbar, ya shinshina. Sai ya ja da baya.

"Yaya Basit... kalle ni."

Bai kalle ni ba.

"Ka san ni fa. Ko duk unguwannin Nima da Maamobi za su ce na yi, kai ka san ni."

"Mari..." ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni ma ina so in yarda. Amma ga shi nan ina ji."

Ya bi bayan mahaifiyarsa suka fita.

Da Anti Akwele ta dawo daga kasuwar unguwar Madina ta tarar da ni zaune gaban kwalbar, ta shinshina sau ɗaya ta ɗora hannu a ka. Ta ce duk abu mai zaƙi in aka rufe shi a zafi ya daɗe, da kansa yake juyewa, ba sai an zuba masa komai ba. Ta zagi kanta da yaren Ga, ta zagi kanta da Hausarta ta Zongo, wai ita ce ba ta gaya min ba. Ko zaninta ba ta canza ba ta tafi gidan Hajiya. Hajiya ta saurare ta tsaf, sannan ta ce ai dole malama ta kare ɗalibarta.

Na kira Basit bai ɗauka ba. Na aika masa bayanin Anti da muryata, ina kuka ina yi. Na ga alamar ya saurara. Amsa ba ta zo ba.

Zongo, unguwar tamu ta Hausawa, ba ta riƙe magana. Kafin Juma'a, masu suna da masu biki duk sun janye odarsu. Mma ta daina zuwa karatun mata, don da ta shiga sai a yi shiru. Ni da kaina na ɗauki kwalbar na juye a gota, ina kallon zabibin aurena yana bin ruwan wanke-wanke. Abin da ya fi ci min rai ba kunyar ba ce. Jiransu na yi har abin ya lalace, kuma lalacewar ce suka kama ni da ita.

Na rame, na daina fita sai dole. Amma Disamba ba ta jiran mai baƙin ciki. Mutanen cocin Anti Akwele suka kawo oda fiye da kowace shekara, na san ita ta bi su gida-gida. Na koma gaban kurfoti don kada in haukace.

Ana gobe Bronya da hantsi, ina fasa kashu a tsakar gida, na ji ƙarar babur a lungu. Jikina ya gane ta kafin ni.

Ya shigo da sallama, shi ma ya zabge, riƙe da wata 'yar kwalba a leda. Fuskarsa cike da murna kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Mari na, gaskiyarki ce! Na gwada."

Na tsaya da wuƙa a hannu.

Ya ce bayan ya ji saƙona ya sayi zabibi da abarba da zuma, ya haɗa da hannunsa, ya kulle a durowar shagonsa, makullin a aljihunsa, ba wanda ya taɓa. Jiya ya buɗe, wari iri ɗaya sak. Ya kai wa Hajiya ta shinshina, Salwa ta fashe da kuka. Yanzu Hajiya ta ce a zo a sa rana, duk ranar da muke so.

"Shi ke nan, masoyiyata, komai ya wuce kraa, kwata-kwata. Ga shaida."

Ya miƙo min kwalbar.

Allah ya sani zuciyata ta tafi gare shi da gudu. Na so in jefar da wuƙar in ce to. Makonni ina roƙon Allah ya kawo min shi ƙofar nan, ga shi ya zo. Amma idona ya ƙi barin kwalbar. Duk kwanakin da nake kwance ina kuka, da kwanakin da Mma ke ɓuya a ɗaki, shi yana can yana leƙa durowa, yana jiran zabibi ya gaya masa ko ni maƙaryaciya ce.

"Yaya Basit, in tambaye ka?"

"Tambayi komai."

"Da naka bai juye ba fa?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa.

"Ai ya juye, Mari..."

"Na ji. Da ka buɗe ka tarar da shi lafiya lau, da zaƙinsa... da ka zo?"

Ya dubi kwalbar, ya dubi ƙasa. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi, ina addu'a a raina ko ƙarya ce ya yi min in karɓa.

"Da ban zo ba," ya ce a hankali.

Na gyaɗa kai. Hawaye na zuba a kan kashun, ban share ba.

"Na gode da ka faɗi gaskiya. Ka gai da Hajiya, ka ce na yafe mata, ita ba ta san ni ba."

"Ni fa?"

"Kai ma zan yafe, in Allah ya ba ni iko. Amma aure zama ne mai tsawo, Yaya. Wata rana za a sake faɗin wani abu a kaina, wanda ba ya shiga kwalba."

Ya kira sunana, ya sake kira. Ya ce yana so na, na ce na sani, ni ma haka, kuma ban taɓa faɗin abin da ya yi min ciwo kamar wannan ba. Mma na tsaye a ƙofar ɗaki tana jin mu.

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ajiye kwalbar a gefen rariya ya fita. Ban ji ya tayar da babur ɗin ba, tura shi ya yi har ƙarshen lungu.

Anti Akwele ta fito daga ɗakinta ta karɓi wuƙar daga hannuna, don na fara yanka yatsana ban sani ba. Ta zaunar da ni a kujerarta, ta ɗaure min yatsan da bakin zaninta, ta ce in yi kukana a nan, ita za ta duba wutar.