Tsakuwar da ke Cikin Kwalin Ashana

A shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara, an yi wata yarinya a Kaura Namoda. Tana aji biyar a firamare. Mahaifinta, Malam Faruku, direba ne. Yana jan ɗaya daga cikin motocin da aka ware wa mata, daga Kaura zuwa Shinkafi.

Malam Faruku ba ya shan ruwa a hanya. Ya ce kunya yake ji ya tsaya fitsari alhali mata sun cika mota. Sai ya yini da ƙishi. In ya isa Shinkafi ya sayi tsire da hanta ya ci, ya juyo.

Wata Alhamis, abokinsa Mahmuda, wanda shi ma direba ne, ya kawo shi gida a kwance. Malam Faruku ya riƙe kwiɓinsa yana gumi. Fitsarinsa ya yi ja. Yarinyar ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar.

A asibiti likita ya ce tsakuwar ƙoda ce. Inna, mahaifiyar yarinyar, ta yi maza ta ce ita dai tana rege hatsinta da kyau, ba a taɓa tauna tsakuwa a tuwonta ba. Likita ya kwantar mata da hankali. Ya ce wannan ba haɗiye ta ake yi ba. A cikin jiki take haɗuwa, kamar yadda gishiri ke daskarewa a gindin tukunya in ruwa ya ƙone.

"Kuma ba iri ɗaya ba ce," in ji likita. "Gero da dawa da maiwa duk hatsi ne, amma kowa da nomansa."

Ya ce wadda ta fi yawa ita ce mai sinadari irin na ƙashi, kuma yawan gishiri yana ƙara ta. Akwai wadda yawan nama da kayan ciki da ƙarancin ruwa ke kawowa. Akwai ta ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari, mai saurin girma. Sai wata ta gado, amma ba a cika ganinta ba. Kowace da maganinta, da abincin da za a rage.

Ya ce Malam Faruku ya sha ruwa da yawa, ya riƙa tace fitsarinsa da farin ƙyalle. In tsakuwar ta fito a kawo ta a auna.

Rana ta huɗu ta fito. Ba ta fi ƙwayar dawa ba, launinta ruwan goro. Malam Faruku ya wanke ta, ya sa a kwalin ashana, ya ajiye bisa rediyo. Ya ce kada kowa ya taɓa.

To, yarinyar ta riga ta ba ƙawayenta labari a makaranta, sun ce ƙarya take yi. Wa ya taɓa jin mutum ya haifi dutse? Washegari ta ɗauke kwalin ta ɓoye a hijabinta.

Da aka fita hutun tara ta buɗe shi a bayan aji. Yara suka yi caa a kanta. Wata ta ture mata hannu. Tsakuwar ta faɗa cikin rairayi.

Ta tona, ta tona, har aka kaɗa ƙararrawa. Ba ta gan ta ba.

Da ta koma gida ta tarar Inna tana rege dawa. Tsakuwoyi sun taru a gindin ƙwarya. Ta faki idon Inna, ta zaɓi wata ja, ta jefa a kwalin, ta mayar bisa rediyo.

Ni mai ba ku labarin nan na yi wayo iri-iri ina yaro, kuma har yau ba wanda ya yaba mini. Amma wannan wayo ko ni ba zan yi shi ba.

Aka kai kwalin asibiti. Likita ya aika da shi Sakkwato. Sai bayan mako uku amsa ta dawo. Takardar ta ce wannan ba tsakuwar jikin mutum ba ce, tsakuwar ƙasa ce. Likita ya ce tabbas an sami kuskure, a dawo a sake gwaji.

Amma Gwaggo Mariya, yayar Malam Faruku, ta zo daga Zurmi dubiya. Da ta ji labari ta tafa hannu.

"Tsakuwar ƙasa a cikin mutum? Ƙafa gare ta? Faruku, wanga jifa ne, ba ciwon asibiti ba ne."

Ta tambaya wa ya nemi motar nan tare da shi bai samu ba. Malam Faruku ya ce Mahmuda ne. Gwaggo ta ce to shi ke nan, me kuma ake nema?

Yarinyar tana bakin ƙofa tana ji. Ta buɗe baki, sai tsoro ya rufe shi.

Malam Faruku ya daina zuwa asibiti. Gwaggo ta ce mijinta ma ya yi tsakuwa, kuma gishiri kawai ya bari ya warke. Aka daina sa gishiri a miya. Kullum kuma tana dafa wa ƙanenta farfesun kayan ciki wai ya yi ƙarfi.

Ba a yi wata ɗaya ba ciwon ya dawo, ya fi na da. Mota ta tsaya a ƙofar gida, ƙura ta rufe ta. Aka daina kunna rediyo. Inna tana tuƙa tuwo tana share hawaye da bakin zane.

Magana kuma ta isa tasha. Mahmuda ya zo ya tsaya a zaure, ya ƙi zama a tabarma.

"Faruku, ni na ɗauko ka daga Shinkafi a motata. Yau ni ne na jefe ka? Ka janye maganar ga, ko mu haɗu gaban alƙali. Ka san yanzu ƙazafi ba abin wasa ba ne."

Malam Faruku ya juya fuska bango. Mahmuda ya fita idonsa jawur.

Yarinyar ta daina cin abinci. A aji ta daina ɗaga hannu. Malamarsu, Malama Nazifa, ta tsayar da ita bayan an tashi. Ta tambaye ta ko jikin Baba ne. Sai yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Malama ta ce dole ta faɗa wa Baba gaskiya.

"Zai yi faɗa, Malama."

"Zai yi. Amma faɗa na wucewa, ƙoda kuwa ba a sayen ta a kasuwar Shinkafi. Tashi in raka ki."

A gida ta durƙusa kusa da shimfiɗar mahaifinta.

"Baba, ba jifa ba ne. Ni na ɓatar da tsakuwarka a makaranta. Wadda aka auna daga ƙwaryar Inna na ɗauko ta."

Gwaggo Mariya ta ajiye kwanon farfesu a hankali.

Malam Faruku ya ɗaga kai ya dube ta. Sannan ya ce, "Ɗiyata, da kin faɗa tun ranar, da kunnenki kawai zan ja. Yanzu ga shi na ci mutuncin amini. Tafi gidan Mahmuda da ƙafarki, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Ki ce ina roƙon gafara."

Ta tafi tana kuka. Mahmuda ya saurare ta har ƙarshe. Sai ya ɗauki makullin motarsa. Shi ya kai abokinsa asibiti. Gwaggo tana kujerar baya tana ba Mahmuda haƙuri har suka isa.

Likita ya ji labari ya girgiza kai. Ya sa aka auna fitsari, aka ɗauki hoton ciki. Fitsarin ya yi tsami ƙwarai, tsakuwar kuma ba ta fito a hoton ba. Ya tambayi yarinyar launin ta farkon. Ta ce ruwan goro.

Likita ya ce alamu duk sun nuna irin ta nama da ƙishi ce, ba irin ta mijin Gwaggo ba. Farfesun nan ƙara ta yake yi. Amma an yi sa'a, domin irin wannan tana narkewa da magani da ruwa. Ba sai an yi aiki ba.

Bayan mako shida Malam Faruku ya wanke motarsa. Kullum da safe yarinyar ke cika masa jarkar ruwa. Da yamma takan girgiza ta ta ji ko ya shanye. In ya yi nisa a hanya bai tsaya ba, tsofaffin cikin mota su ce, "Malam, tsaya ka rage, mu ma uwayenka ne."

Yara, ciwo yana iya yin suna ɗaya amma iri daban, don haka maganin wani ba lallai ya zama na wani ba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun yana ƙarami. Ƙaryar yarinyar nan ba ta fi ƙwayar dawa ba, amma saura kaɗan ta raba ta da lafiyar mahaifinta.