Na'ura ta Goma Sha Bakwai

Da la'asar sakaliya Darmadi ya koma ginin, karo na biyu a rana ɗaya, rigarsa ta manne masa a baya saboda zafin birnin Semarang na ƙasar Indonesiya. Shekara goma sha tara yana gyaran iyakwandishan na manyan gine-gine, kuma mutum ne mai ji da kansa. In ka ce masa zanen gini na iya kuskure, kallon da zai yi maka sai ka ɗauka mahaifinsa ka zaga.

Da safe ya wanke na'urorin ginin kaf, irin waɗanda ake sakawa a cikin silin, fuskarsu kaɗai ke leƙowa ɗaki. Goma sha shida ne a takarda, duka a jikin babban inji ɗaya da ke saman bene. A hawa na uku ya ga wata waya ta ratsa ta bayan bututu, babu ita a zane. Bai tambayi kowa ba. Ya sa filaya ya datse ta, ya naɗe bakin da salatif, ya kama gabansa. Kafin azahar sanyi ya ɗauke a ginin gaba ɗaya.

Hawa na biyu asibitin wankin ƙoda ne, kuma yayarsa Sulastri na cikin waɗanda za a yi wa gobe da ƙarfe shida na safe. Likita ta faɗa masa ƙarara: in sanyi bai dawo ba kafin ta tashi aiki da takwas, za ta soke na gobe. Wani asibitin kuwa sai an yi kwanaki ana jiran layi.

Yana ajiye babur wayarsa ta yi ƙara. Sulastri ce.

"Di, da gaske ne ba za a yi mana ba?"

"Za a yi, Mbak," in ji shi, wato Yaya.

"Ƙafafuna fa sun zama turmi. Numfashin ma da ƙyar."

"Na ce za a yi. Ki rage shan ruwa."

"Ji shi! Wanda na wanke wa kashi yau shi ke kafa mini doka."

Ya yi dariya don ta ji daɗi.

A saman bene ya buɗe babban injin. Irin wannan inji ƙirga 'ya'yansa yake yi kafin ya tashi, in ɗaya ya ɓace sai ya ƙi aiki. Ɗan allon ya nuna yana neman goma sha bakwai, ya samu goma sha shida. Darmadi ya goge lissafin, ya saita shi daga farko. Lambar ta koma goma sha bakwai. Sau uku yana yi, sau uku tana komawa.

Ya sauko ya tarar da Pak Ngadiman, wato Baba Ngadiman, dattijon da ke gadin ginin, zaune da kofin shayi da taba mai ƙamshin kanumfari.

"Mas," in ji shi, yadda ake kiran namiji a can, "ko ka taɓa wayar hawa na uku?"

"Matacciyar waya ce, Pak. Ba ta cikin zane."

Tsohon ya ajiye kofin a hankali. "Ta Mbah ce, Kakar nan."

"Wace Mbah kuma?"

"Mai wurin. Kafin ginin nan wata ƙatuwar bishiya ce a nan, a cikinta take zaune. Da aka sare ta, mai gini ya ware mata ɗaki daidai tsayin rassan, ya toshe shi da bulo, ya sa mata na'ura. An ɗauke mata inuwa, dole a ba ta sanyi. Mai gyaran da yake zuwa kafin kai ya san da haka."

"To me ya hana a rubuta?"

"Wa ka taɓa ji ya rubuta irin wannan a takarda?" Ya ɗaga kai ya dubi sama, ta yi jawur. "Ka bari a yi magariba tukuna."

"Likita ba za ta jira ni ba."

"To aƙalla ka nemi izini, Mas. Kada ka shiga wa mutane kamar akuya."

Hawa na uku babu kowa, ofisoshi duk an tashi. Ya kafa tsani, ya ture murfin silin. Ya tsaya, yana jin kunyar kansa. Sai ya ƙwanƙwasa sau uku da yatsa.

"Mbah, ina neman izini. Gyara na zo yi."

Ya shiga.

Cikin silin kamar tanda. Warin ƙura, warin kashin ɓera. Ya riƙe tocila a baki, yana rarrafe a kan ƙarafa, yana bin wayar da ya datse. Can nesa ladan ya fara kiran sallah, wani ya karɓa, wani ya karɓa. Wayar ta haye saman wani bango. Ya haye shi ma.

A nan warin ya canza. Ƙamshin furen yasmin, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ga na'urar nan kuwa, irin sauran sak, sai dai babu ko ɗigon ƙura a jikinta. Wajen da ya datse yana kusa da ita, nisan hannu, bangon ne ya tare masa ganinta da safe. A gefe akwai ɗan murfin dubawa. Ya feƙe bakunan wayar, ya haɗa su da yatsu don gwaji. Wani abu ya yi ƙas a cikin na'urar. Famfon ruwa ya yi gurnani. Fanka ta fara juyawa.

Ma'aikaci ba ya yarda da na'ura sai ya ga iskarta da idonsa. Da hannu ɗaya ya ɗaga murfin dubawar, ya haska ƙasa.

Ɗaki ne ƙarami, bango huɗu, babu ƙofa, babu taga. Tabarma a shimfiɗe. Kasko da busassun furanni. Daɓen a jiƙe yake.

Babu kowa.

Irin na'urar nan tana da ɗan baƙin ido a kusurwa mai gane inda mutum yake, da fikafikai huɗu masu karkata iska zuwa gare shi. In ɗaki babu mutum, ba sa motsi. Darmadi ya san wannan fiye da sunansa.

Fiffiken da ke wajen tabarma ya buɗe.

Ya rufe. Na kusa da shi ya buɗe.

Sai ya ji takun. Ƙafa ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen daɓe. Ɗaya. Ɗaya. Ba gaggawa.

Fiffike na uku, wanda ke fuskantar murfin da yake leƙe, ya buɗe. Takun ya tsaya daidai ƙarƙashinsa.

Fiffiken ya fara ɗagowa sama, a hankali, yana bin wani abu da ke ƙara tsawo.

Bakinsa ya saki tocilar. Ta faɗa ɗakin. Bai ji ƙarar faɗuwarta ba.

Duhu.

"Na sha zafi yau, ɗan nan."

Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa. Numfashinta sanyi kamar bakin firiji.

"Ki... ki yi haƙuri, Mbah. Ban sani ba."

Jikinsa duka ya ce masa gudu. Amma yatsunsa ne kaɗai ke riƙe da wayar. In ya saki, ta rabu, komai ya mutu. Ya tuna numfashin Sulastri a waya. Ya zauna.

Ya lalubi aljihu, ya ciro maɗaurin waya. Ba ya ganin komai. Ya gwada, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Hawaye suka zubo masa, babban mutum da shi.

Haske ya kunnu.

Tocilarsa ce, ta taso ta bakin murfin, an riƙe masa ita daidai kan hannuwansa. Ba ta ko rawa.

Bai kalli abin da ke riƙe da ita ba. Ya murɗe waya ta farko. Ya murɗe ta biyu. Gashi mai ɗanshi ya taɓa masa wuya. Ya naɗa salatif, zagaye ɗaya, biyu, uku. Ya ja wayar. Ta riƙe.

Bai san yadda ya haye bangon ba. Ya dai san ya rasa tsani, ya faɗo a kafaɗa, ya tashi, ya bi matakala da gudu har bakin ƙofa. Sanyi ya riga shi sauka, yana ta kwarara a ko'ina cikin ginin.

Pak Ngadiman ya riƙe shi, ya ɗura masa sauran shayin.

"Ta tashi, Pak. Ta tashi."

"Na ji. Sannu, Mas." Tsohon ya ƙura masa ido. "Da za ka fito, ka yi mata sallama?"

Darmadi ya girgiza kai.

"Ka nemi izinin shiga, ba ka ce ka tafi ba?" Maigadin ya ja da baya taku ɗaya. "A wurinta ai ba ku rabu ba tukuna."

Washegari ƙarfe shida aka ɗora Sulastri a kan injin. Wajen takwas Darmadi ya shigo duba ta, hannunsa a rataye, idonsa bai ga barci ba. Fuskarta ta saɓe, numfashinta ya daidaita, har tana tsokanar ma'aikaciyar jinya. Daɗi ya kama shi har ya manta ciwon kafaɗar.

Ya ja kujera ya zauna. Na'urar da ke saman gadon ta karkato da fiffikenta, ta wuce shi kaɗan, ta tsaya a bayan kafaɗarsa ta hagu.

Sulastri ta harare shi.

"Di, wace irin tarbiyya ce wannan? Ka zauna ka bar tsohuwa a tsaye? Tashi ka ba ta kujerar."

Sau uku ya koma silin hawa na uku ya yi sallama, da furanni, da malami, da komai. Ɗakin shiru, fikafikan na'urar ba su ƙara motsi ba. Darmadi yana nan yana aikinsa har yau, Sulastri ba ta sake rasa ranarta ba. Sai dai a gidansa, duk zafin da ake yi a Semarang, 'ya'yansa da bargo suke kwana.