Rakiyar Baƙon Mai Zubi

Duk wanda ya ga ɗan fim ya ɗaga kambun tagulla a talabijin yana kukan daɗi, ba ya tambayar wa ya ƙera shi. Ni na san wanda ya ƙera, don shagona na buga katin gayyata bango ɗaya ne da nasa, kuma da ban san shi ba da na fi samun barci.

Mai Zubi muke ce masa. Hannunsa na da kyau, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Zai sassaƙa siffa da kaki, ya lulluɓe ta da laka, ya bar ƴar kafa a gindi, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya ɗura narkakkiyar tagulla a gurbin. In ta huce ya fasa lakar, ya goge, ya tsoma a ruwan zinare. Amma duk gwanintar nan a mariƙin ƙofa take ƙarewa. Aikin kambun bikin karrama ƴan fim, wani babban kamfani ake ba duk shekara. Ranar bikin a shagona yake kallo, yana tsaki, yana cewa a dubi kafaɗar abin kamar mota ta taka. Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce. Ya ce shi fa ya gaji da zama taki.

Yana da mata mai haƙuri, da ƙane mai hura masa wuta da ake kira Dogo, da ƴa guda da kowa ke ce wa Lele, wadda ta kusa gama makarantar koyon jinya. Abincinsu bai taɓa yankewa ba. Idonsa ne bai ƙoshi ba.

Abin da ya faru da ya je wurin wani boka, daga bakinsa na ji, bayan aikin gama ya gama. Da rana tsaka ya je, a wani tsohon gidan sinima da aka daɗe da rufewa. Ya ratsa layukan karyayyun kujeru, ya hau matakala zuwa ɗan ɗakin da ake haska fim. Waje rana na ƙuna, ciki sanyi kamar randa. An rufe bangon da jan ƙyalle da ya koma baƙi. Tsofaffin faifan fim na rataye, an ɗaure musu gashin tsuntsu da ƙananan ƙasusuwa, suna juyawa ba iska. A tsakiya akwai kwano cike da ruwa, ya leƙa bai ga fuskarsa ba. A kusurwa kuma kujera guda ta juya wa ɗakin baya.

Bokan tsoho ne mai tsabta, farcensa a yanke, muryarsa a ƙasa. Bai bari ya gama gaisuwa ba ya miƙo masa curin baƙin kaki, ya ce ya riƙa gutsurar kaɗan yana haɗawa da nasa. Duk wanda ya riƙe abin da ya zuba, ba zai so ajiyewa ba.

"Me zan biya?" in ji Mai Zubi.

"Ba na karɓar kuɗi. Gayyata nake so."

"Gayyatar me?"

"Duk shekara, ranar da za a nuna bikin, ka tara mutane kallo a gidanka. A buga kati guda ba suna, a ɗora a kan kujera, kada kowa ya zauna. Ina da baƙo mai son kallo."

"Jini fa? An ce kuna neman jini."

"Ka ga na yi kama da mahauci? Baƙona ba ya ci, ba ya sha. In an tashi dai, a ɗauki kujerarsa a kai bakin ƙofa. Baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Kuma ɗan gida ke raka baƙo, ba bare ba."

Mai Zubi ya ce har dariya ta kusa kama shi don arhar abin. Bokan ya sa ya danna babban yatsansa a kakin, ya faɗi sunayen mutanen gidansa, wai don baƙon ya san masu masaukinsa. Yana faɗar na ƙarshe, kujerar kusurwa ta yi ƙara kamar mai nauyi ya gyara zama. Ya ji ta sarai. Ya ce wa kansa tsufan katako ne.

Ba a daɗe ba masu shirya bikin suka ga samfurinsa. An ce shugabansu ya riƙe shi har aka tashi taro bai ajiye ba. Aiki ya dawo hannun Mai Zubi, daga nan na ƴan ƙwallo, na mawaƙa, na kamfanoni. Ya sayi gida mai faɗin tsakar gida, ya ɗauki ma'aikata, ya daina tsaki. Ni na buga masa katunan walimar kallo, masu ruwan zinare a gefe, da guda ba suna. Na tsokane shi ko amarya yake ɓoye mana. Bai yi dariya ba.

Walimar farko ta yi armashi. An kafa babban allo, duk kambun da aka ɗaga sai tsakar gidan ta ɗauki tafi. Kujerar nan tana layin gaba da katinta, kuma na lura ko yara masu guje-guje kewaye ta suke. Da aka watse, Mai Zubi ya ce wa Dogo ya kai ta bakin ƙofa. Dogo ya dawo yana cewa kujerar roba ce amma ta fi buhun siminti nauyi. Washegari Dogo ya fara zufa. Zufa ba zazzaɓi, ba ciwo, sai zuba. Mutum ƙaƙƙarfa ya riƙa tsiyayewa a idonmu, likitoci suka rasa sunan cutar. Waɗanda suka ɗauki gawarsa sun ce kamar ba kowa a likkafanin.

Mai Zubi ya yi kuka na gaske, na shaida. Amma kowa ya ga yadda kaki ke fita kafin tagulla ta shiga, ya san abin da ya gani. Shekara na zagayowa ya aiko a buga kati.

A karo na biyu ya yi dabara, ya sa wani ɗan dako ya ɗauka. Mutumin ya yi nishi, ya yi gumi, kujera ko gezau. Matar Mai Zubi ta zo wucewa, ta ce ƙato da kai ka kasa kujera, ta ɗauka da hannu ɗaya ta fita. Ita ba ta mutu ba. Ta dawo tana magana da wani a gefenta, cikin ladabi, tana ba shi haƙurin ƙarancin masauki. Tun ranar take jera kujeru a tsakar gida tana yi wa iska sannu da zuwa, har ƴan'uwanta suka zo suka tafi da ita.

A lokacin ne ya shigo shagona, ya rufe ƙofa, ya faɗa mini komai. Ya ce ya koma sinimar ya roƙi a canza sharaɗi, bokan ya ce ƙofa a buɗe take: ya mayar da kakin, aiki ya koma inda ya fito, ko kuwa shi da kansa ya yi rakiya. Na ce to me kake jira, ga hanya har biyu? Ya ce kambun bana na kan wuta, a bari wannan ya wuce. Na ce injina ba zai sake buga masa ko harafi ba. Na kuma nemi Lele na ce ta nisanci walimar, ta ce, "Kawu, Baba ba shi da kowa yanzu sai ni." Na faɗa mata maganar kujera, ta dube ni irin kallon da ƴan jinya ke yi wa tsoho mai sambatu.

Wani shago ya buga katin. Na je ba gayyata, na tsaya a baya, tsoro na cina. Mai Zubi ya rantse mini shi zai ɗauki kujerar, kuma ya kulle Lele a ɗaki da sunan ta huta. Mutane sun cika, allo na haske, shi kuwa ko sau ɗaya bai kalli allon ba. Da aka fara watsewa ya miƙe ya nufi layin gaba. Ya kai hannu. Sai shugaban masu bikin ya kira shi a waya, yana yabon aikin, yana zancen na baɗi.

Ya janye hannun ya amsa.

Wata mai aikin gidan ce ta ji bugun ƙofa ta buɗe wa Lele. Ta fito tana taya tattara kaya, ta ga kujera guda ta rage kusa da ubanta. Na ƙwala mata kira, jama'a sun tare ni. Shi yana dab da ita, waya a kunne, yana kallonta. Kalma ɗaya ta isa. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga ya rufe.

"Bari na ɗauke maka, Baba," ta ce. "Ka gaji."

Ba ta kai mako ba. Da aka dawo daga binne ta, Mai Zubi ya shiga shagonsa ya zuba sauran kakin a wuta, wutar ta tashi ta cinye shagon da rabin nawa. Masu bikin suka koma wa tsohon kamfaninsu, gida ya tafi a biyan ɓarna. Yau in ka ga wani tsoho a bakin titi da kujerar roba a ka, yana tafe yana waiwayen gefensa yana tambayar ko rakiyar ta isa haka, shi ne. Baƙon bai taɓa ce masa ya koma ba.

Kai mai ganin abincinka ya yi kaɗan, ka ji da kyau. Boka bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba, kuma sau uku ana buɗe masa hanyar fita. Kada ka ce tsafi ne ya cinye gidan nan. Tsafi kujera kawai ya ajiye. Kwaɗayi ne ya tsaya yana kallo ƴarsa ta ɗauka.