Ranar da Aka Gwada Sarkin Rawa Tukur

A zamanin da Tukur ɗan Aliyu yake riƙe da sarautar Sarkin Rawa a ƙasar Bungudu, cikin wata kaka da gero ya yi kyau har rumbuna suka yi kaɗan, aka yi rigimar gadon sarauta wadda har yau ana ba da labarinta daga Kekun Waje zuwa gindin duwatsun Kwatarkwashi. Ba a zare takobi ba, ba a ƙone gari ba, amma waɗanda suka gani da idonsu sun ce ta taɓa zukatan mutane kamar kowane yaƙi.

Sarautar rawa ba ta da ƙasa, ba ta da dogarai. Abin da ta mallaka shi ne jar hula ɗaya da aka gada, da akayau na ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙafa, da mazajen da suka riƙi rawa sana'a suna ciyar da iyali da ita. Duk da haka tana da tsari irin na fada. Akwai Galadima mai tsayawa a daman Sarki in an shiga fili. Akwai Sarkin Kiɗa, wani dogo mai suna Ɗahiru, wanda gangarsa ta san ƙafar kowane ɗan rawa a gidan. Akwai kuma Magajiya, wato Delu matar Tukur, wadda tukunyarta ke ciyar da kowa.

Tukur bai taɓa roƙon aiki ba. Ranar kasuwar Tsafe yakan sa babbar riga ya tafi, ya fara zama a rumfar mahauta, domin babu bikin kirki da za a yi ba a yanka sa ba, kuma mahauta ke fara sani. Daga nan ya leƙa wurin maɗinka ya ga ankon wa ake ɗinkawa, sannan ya gaisa da maroƙa. Ba ya cewa komai game da rawa, gaisuwa kawai yake yi a gan shi. Kafin mako ya zagayo sai ga goron gayyata a ƙofar gidansa. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma ya yi har gemunsa ya yi fari.

Sai zamani ya juya. Hanyoyin ƙauyuka suka zama abin tsoro, mutane suka koma ɗaura aure a gaggauce a watse kafin la'asar. Manyan bukukuwa suka koma ɗakunan taro a Gusau, inda na'ura ke kiɗa a madadin ganga. Goro ya daina zuwa. Rashin aiki ya yi wa gidan ƙawanya kamar yadda mayaƙa ke kewaye birni, har wasu 'yan rawa suka koma dako a tasha. A cikin wannan hali ne gwiwoyin Tukur suka gaza, ya fara dogara sanda, mutane suka fara raɗa: wa zai gaje shi?

Mutum biyu ake kallo. Na farko Galadima Bello, mutumin Kucheri, wanda ya zo gidan tun yana saurayi ya koyi kowane taku daga ƙafar Tukur. Mutum ne mai nauyin baki, ba ya ƙara komai a kan abin da aka koya masa, ba ya ragewa. Na biyu Muktar, autan Tukur, mai saurin ƙafa da saurin magana. Shi ya gano cewa masu neman 'yan rawa yanzu a waya suke nema. Yakan ɗauki rawarsu a bidiyo ya tura wa masu shirya biki da masu ɗaukar waƙoƙi a Gusau, kuma ɗan aikin da ya riƙe gidan a wannan shekara ta hannunsa ya zo.

Wata safiya Muktar ya shigo zaure ya durƙusa, ya ce, "Baba, an yi sanarwa a Gusau. Za a yi babban bikin al'adu a wata jiha, ana neman ƙungiya ɗaya da za ta wakilci jiharmu. Duk mai so ya je a gwada shi gaban alƙalai."

Tukur ya ɗago kai a hankali. "A gwada mu? A jera mu ana dubawa kamar shanu a kara?"

"Haka ake samun aiki yanzu, Baba. Ba wanda zai aiko da goro."

Bello ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, gidan nan kiransa ake yi, ba shi ke kai kansa ba."

"Yaya Bello," in ji Muktar, "yaushe rabon da a kira mu?"

Tukur bai yanke hukunci ba, shirun da ya yi kuwa shi ya raba gidan. Samari suka bi Muktar suka koma atisaye a filin makaranta. Manya suka tsaya da Bello a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida. Sarkin Kiɗa Ɗahiru ya yi wa Bello rantsuwa da safe cewa yana tare da shi, da azahar aka gan shi a bayan babur, ganga a kafaɗa, ya nufi filin makaranta. Yana da 'ya'ya da yawa, ya kuma ga inda aiki ya karkata. Sai dai bai ji daɗin tafiyar ba, domin Muktar ya riga ya zaɓi kiɗan na'ura mai sauri, aka bar Ɗahiru a gefe yana zaune a kan gangarsa.

Da Bello ya tabbata samari za su je Gusau da sunan gidan, sai ya ce ba zai bari a nuna wa duniya rawar Tukur a gurguje ba. Shi ma zai je. Ya aro makaɗi daga Tsafe wanda bai san takunsu ba. Kowane ɓangare ya aiko wa Tukur yana roƙon jar hula, domin duk wanda ya shiga fili da ita, shi ne magaji ko ba a faɗa ba. Tukur ya ce da kowane ɗan aike, "Hula tana kan mai ita."

Magajiya Delu ba ta bi kowa ba. Tukunya ɗaya take ɗorawa, ta zuba wa manya, in sun tashi ta zuba wa samari a kwanukan da manya suka ci. Ana jibi gwaji ta kawo wa mijinta fura ta zauna kusa da shi.

"Malam, 'ya'yanka za su je su kunyata juna a gaban baƙi, kai kana nan kana gadin hula."

"In na ba Bello, na kori ɗana. In na ba Muktar, na ci amanar wanda ya bar garinsu ya bi ni. Me kike so in yi?"

"Ni ban san sarauta ba," in ji ta. "Abin da na sani, duk su biyun in sun gama cin tuwo sai sun tambaye ni ko ka ci."

Tukur ya ajiye ƙwaryar furar, bai sha ba.

Ranar gwaji ayari biyu suka tashi daga Bungudu da hantsi, mota na bin mota saboda halin hanya, amma ba wanda ya yi wa wani magana. Ɗakin taron a Gusau ya cika da ƙungiyoyi daga ko'ina, kowa da kayan rawarsa, alƙalai na zaune a gaba. Aka kira mutanen Muktar. Suka yi rawa mai kyau, ƙafa ɗaya, juyi ɗaya, 'yan kallo suka tafa. Sai shugaban alƙalai, wani dattijo mai farin tabarau, ya tambaya cikin ladabi, "Kun iya ƙwarai. Amma wannan rawar wane gari ce?" Rawar ba ta ɗauko takun kowane gari ba, sai Muktar ya ja mutanensa suka koma gefe.

Aka kira mutanen Bello. Takunsu na asali ne, duk ɗan Zamfara ya san shi, amma makaɗin aro yana gaba suna baya, in sun duƙa shi ya ɗaga. Suka gama da kyar, gumi na zuba, Bello ya bar fili bai ɗaga kai ba.

Ana shirin rufewa sai mai kira ya ɗaga murya ya ce, "Tukur Aliyu, daga Bungudu. Mutum ɗaya."

Daga ƙofar baya aka ji ƙarar akayau, sannu a hankali, da bugun sanda a ƙasa. Tsohon ne, da jar hula a kansa, Delu na biye da shi. Ita ta ɗaura masa akayau a tasha, domin ba ya iya sunkuyawa.

Shugaban alƙalai ya miƙe tsaye. "Sarki, kai da kanka? Ai mu a wurinka muka fara ganin rawa muna yara."

"An ce duk mai son aiki shi zo a gwada shi," in ji Tukur. "Ina son aiki."

"Ina makaɗinka?"

"Ba ni da shi."

"Jama'arka fa?"

Tukur ya dubi dama inda Bello ke tsaye, ya dubi hagu inda Muktar yake, ya ce, "Ga ni dai."

Ya miƙa wa Delu sandar. Ya ɗaga ƙafar dama ya dire, ya ɗaga ta hagu ya dire. Babu kiɗa, babu waƙa, sai kukan ƙarfe a ƙafar tsoho cikin babban ɗaki. Takun buɗe fili ne, wanda ake fara koya wa kowa a gidan. Ɗahiru, wanda ya biyo ayari da gangarsa ba don an nemi ta ba, ya kasa jurewa. Hawaye na bin fuskarsa ya rataya ta ya fara bugawa, ba da sauri ba, daidai da abin da ƙafar maigidansa za ta iya.

Tukur ya kai tsakiyar fili ya shiga juyin farko. A nan gwiwar hagu ta lanƙwashe, ya tafi zai faɗi. Bai kai ƙasa ba. Bello ya tare shi ta dama, Muktar ta hagu, ba wanda ya ga lokacin da suka baro wurarensu.

"Baba, ya isa, mu fita," in ji Muktar.

"Kiɗa ya tsaya?"

"Bai tsaya ba."

"To wa ya koya muku barin fili ana kiɗa?"

Bello ya dubi Muktar ta bisa kan tsohon. Suka sa hannuwansa a kafaɗunsu, suka ɗaga ƙafa tare. Ƙafafun Tukur da kyar suke taɓa ƙasa, amma akayau ɗinsa na amsawa. Manya suka shigo ta dama, samari suka shigo ta hagu, kowa ya sami tsohon gurbinsa a layi. Ɗahiru ya ƙara wuta, samari suka kawo ƙarfinsu, manya suka riƙe takun kada ya ɓace. Waɗanda suka halarta sun ce har 'yan sauran ƙungiyoyi sun hau kujeru don su gani.

Alƙalai ba su zaɓe su ba. Ƙa'ida ta ce ƙungiyar da aka gwada ita za ta tafi, wannan kuwa ba ta shiga gwaji a matsayin ƙungiya ba. Wasu 'yan rawa daga Tsafe aka ɗauka, kuma sun cancanta. Tukur da kansa ya sa aka kai shi wurin shugabansu ya yi masa barka. Suka dawo Bungudu kafin la'asar, a cakuɗe cikin motoci, babu wanda ya tuna da wace ya zo.

Aiki kuwa ya biyo su ta hanyoyi biyu. Wani Alhaji mai fataucin hatsi a kasuwar Gusau, wanda ke cikin 'yan kallo, ya aiko da gayyatar auren 'yarsa. Masu shirya bukukuwa da suka ga bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka a ranar suka yi ta kiran Muktar, suna cewa da ganga suke so, da manya da samari duka. Kafin damina ta faɗi Tukur ya tara jama'a a ƙofar gida ya naɗa Bello Sarkin Rawa. Shi kuma Muktar, Tukur ya ƙirƙira masa sarautar da gidan bai taɓa yi ba, ya kira shi Madugu, ya ce duk neman aiki da shiga gwaji da jagorancin tafiya a hannunsa suke, kuma ko Sarki bai isa ya hana shi ba. Muktar ne ya fara durƙusawa ya gai da sabon Sarki. Ɗahiru ya nemi gafara, Bello ya ce bai tuna laifin ba.

Masu ba da labari sun saɓa a kan abu ɗaya. Mutanen Kucheri sun ce gwiwa ce ta gaza da gaske. Mutanen Bungudu sun ce tsohon ya san abin da yake yi. Na taɓa tambayar Magajiya Delu, ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Ciwon na gaskiya ne, ɗana. Amma wurin faɗuwa, shi ya zaɓa."

Allah ne masanin gaskiyar wannan. Abin da na gani dai shi ne, Tukur ya yi mulki shekaru masu yawa da ƙarfin ƙafarsa, ana tsoronsa ana girmama shi, amma ƙarfin bai iya haɗa masa gida ba. Sai ranar da ya yarda ya tsaya a gaban jama'a shi kaɗai, ba ganga, ba mabiya, ba gwiwa, sannan ya ga iyakar sarautarsa da idonsa. An karɓi mulki daga sarakuna da yawa da ƙarfin tsiya. Shi nasa ya sauke shi a kan kafaɗun mutum biyu da suka rugo don kada ya taɓa ƙasa.