Gawar Da Ta Warke

Wayar ta shigo caji ofis da hantsi, muryar mace tana cewa: "An sace mini gawa." Sufeto bai tsaya neman ƙarin bayani ba. Ya bar shayinsa, ya ja Kofur, suka fito da jiniya.

Da suka isa sai suka ga ba asibiti ba ne. Ɗakin gwaje-gwaje ne, inda ake biyan masu digiri albashi su zauna su jira ƙarfe ya yi tsatsa.

Matar da ta buga wayar, wadda kowa ke kira Injiniya, ta tare su a ƙofa cikin farar rigar aiki.

"Ina aka ajiye gawar?" in ji Sufeto.

"A kan makara, Yallaɓai. Cikin akwatin hazo."

Ta kai su gaban wani farin akwati kamar firij a kwance, yana huci a hankali. Ta ce a cikinsa ake fesa ruwan gishiri ya zama hazo. Kamfanoni kan aiko da fallen ƙarfe da suka yi wa fenti, a jera shi a kan wani maratayi da ma'aikata ke kira makara, a ga ko fentin zai jure. Fallen da tsatsa ta cinye, shi ne gawa.

"Mu da jiniya," Kofur ya ce ƙasa-ƙasa.

Sufeto ya juya zai tafi. Ta sha gabansa.

"Don Allah ka saurare ni. Fentin tukwanen gas ne. Kafin hutun ƙarshen mako na leƙa, na ga fallen ya mutu murus. Na gaya wa Manaja fentin ya faɗi. Yau na zo na tarar da wannan."

Ta nuna wani falle shuɗi a kan tebur, sumul, ko tabo babu.

"To ai warkewa ya yi. Sai barka."

"Manaja ya ce ƙarya na shirya don in tatsi kamfanin. Ya ce yau zai kore ni, ya kuma kai ni kotu. In ya yi haka, babu ɗakin gwajin da zai sake ɗaukata."

Sufeto ya ɗauki fallen, ya juya shi, ya ajiye, ya sake ɗauka. Akwai layi biyu da aka karta a tsakiyarsa, sun gitta juna.

"Wannan fa?"

"Tsaga. Mu ke yanka ta da wuƙa har ta kai ga ƙarfen, don mu ga yadda tsatsa za ta bi ƙarƙashin fenti."

Ya kai fallen bakin taga. Cikin tsagar ƙarfe yana ƙyalli kamar sabon cokali. Sufeto bai karanta kimiyya ba, amma yana da ƙofar gida, kuma ya san abin da damina ɗaya ke yi wa ƙarfe tsirara.

"Me kika gaya wa Manaja daidai?"

"Cewa na yi fentin ya faɗi. Shi ke nan. Bai ma bar ni na ƙarasa ba."

Mai gadi yana zaune a bakin get, rediyo a kunne.

"Baba, wa ya shigo nan ranar hutu?"

"Ko kaza, ranka ya daɗe."

"Ko mota?"

"Ko mota."

"Kofur, kawo ankwa. Tunda babu wanda ya shigo, mai gadi ne ɓarawon."

Rediyo ya yi shiru. "Tsaya, ɗana. Kai cewa ka yi wa ya shigo. Mai makulli ai ba shigowa yake yi ba, zuwa yake yi."

"Su wa ke da makulli?"

"Injiniya da Manaja."

"Wanne ya zo?"

"Idona ba shi da kyau. Amma dai ban ga ɗankwali ba."

Ofishin Manaja yana sama, da sanyin na'ura da takardun shaida jere a bango. Dattijo ne mai furfura, ya yi rabin rayuwarsa a gaban akwatin hazo kafin a ba shi kujera mai juyawa. Ya nuna wa Sufeto wurin zama. Sufeto bai zauna ba. Ya dinga kai da komo yana kaɗa makullin motarsa.

"Yarinyar nan ni na koya mata aiki," in ji Manaja. "'Yata nake ce mata. Abin ya yi mini ciwo."

"Ka zo ranar hutu?"

"Na zo ɗaukar tabarau."

"Ka shiga ɗakin gwaji?"

"Rabona da shi tun kafin a fara wannan gwajin. Ƙa'ida ta hana."

"Ni abin da ban gane ba," Sufeto ya ce yana duban bango, "ta ce fallen ya ruɓe gaba ɗaya, har ya huje. Ta ce kowane jahili ya gani ya san fentin banza ne."

"Huje? Kai, wannan sharri ne! 'Yan ƙuraje ne kawai a gefen tsagar, sai jar tsatsa a kusurwar ƙasa. Ina hujewa a nan?"

"Ƙuraje?"

"Inda fenti ya kumbura. Haka muke ce..."

Makullin Sufeto ya daina kaɗawa.

"A kan wane fallen, Yallaɓai? Wanda ke ƙasa fatarsa kamar ta jariri."

Manaja ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Kofur, buɗe durowoyin nan."

A ta ƙasa aka sami fallen na asali. An ɗauraye shi, an shanya shi, an naɗe shi a takarda mai laushi yadda ko ɓarɓashin tsatsa ɗaya bai zube ba.

"Akwai kwata a bayan ginin nan," in ji Sufeto. "Me ya hana ka jefa shi?"

"Ba a jefar da samfur." Manaja ya faɗa kamar an zage shi. Sai kafaɗunsa suka sauka. "Kamfanin na mijin 'yata ne. Ta cikina. In fentin nan ya faɗi, sun rushe. Na yanka sabon falle na sa. Na san tsagar za ta tona ni, na ɗauka ba wanda zai duba."

"Sai ka zaɓi wadda za a rushe."

Manaja ya tashi tsaye. Ya miƙa hannuwa.

Suna saukowa, Injiniya tana tsaye a gaban akwatin, ta ɗaga murfin, farin hazo yana malalowa ƙasa. Kofur ya nuna mata fallen daga nesa. Ta dube shi, ta dubi ankwar da ke hannun Manaja.

Manaja ya tsaya a ƙofa har sai da Kofur ya taɓa shi.

"'Yata," ya ce, "rufe murfin nan. Kina ɓata gwajin mutane."