Dokin da Aka Mayar Gidansa

Ranar Talata da hantsi Alhaji Muniru, tela a unguwar Alabar, ya shigo caji ofis yana haki, wai an sace masa littafi. Insifeta Nasrullah ya kusa yin dariya, sai ya ga dattijon yana share hawaye.

Alhaji gwanin ces ne, darar Turawa, irin wadda ake bugawa daga nesa, mutum ya yi kwanaki yana nazari kafin ya aika motsi ɗaya. Wasan ƙarshe yake da wani Bajamushe. Dabarun buɗe wasa na shekara talatin suna cikin littafin, kuma in bai aika motsinsa kafin Juma'a ba, ya faɗi. Insifeta ya ɗauki hularsa, ya ce sai ya gano shi.

A shagon, allo yana kan tebur, kowane ɗa a gidansa. Humu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin ƙofa ta ce ba ta ga kowa ba, amma ta ji 'ya'yan wasan sun zube ƙasa jiya da azahar, Alhaji yana masallaci.

Insifeta ya tambayi Alhaji, "Kai ka jera su?"

"Ni ban taɓa ba."

Ashe ɓarawon ya san wasan da ka. Alhaji ya ce in ba shi ba, amininsa Abdul-Wadud, makanike a Tafo, shi kaɗai zai iya haka.

Aka kawo shi. Ya rantse ya bar ces da daɗewa, bai ma san inda wasan ya kai ba. Insifeta ya ajiye allon a tsakaninsu, da gangan ya gusar da ɗan wasan da ake kira doki gida ɗaya, ya shiga tambayarsa zancen gareji. Abdul-Wadud yana cikin ba da amsa, sai hannunsa ya kasa haƙuri, ya mayar da dokin gidansa.

"Maigida, wa ya gaya maka nan yake?" in ji Insifeta.

Abdul-Wadud ya amsa laifinsa. Ya ce littafin yana cikin akwatin sifanarsa. Rabin dabarun nasa ne, amma ko sau ɗaya Alhaji bai ambaci sunansa ba, abin ya ci masa rai.

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Muniru, kada ka tura dokin nan, littafin ya yi kuskure. Tura giwa."

Alhaji ya zauna, ya ƙura wa allon ido, ya rasa wanda zai yarda da shi, littafin ko amininsa.