Kujerar Auta

Duk wanda ya ga motar nan a hoto, baƙa wuluk, a kwance ƙasa-ƙasa kamar kyanwa za ta kai cafka, ya yaba. Abin da ba a sa a hoton ba shi zan faɗa muku, don na san gidan da ta ci.

Injiniya mutum ne mai kai, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Shekaru ya yi yana zana mota guda, motar gwaji wadda kamfaninsu ke son nuna wa duniya a baje koli: kujera ɗaya tal, inji a bayan direba, jiki na wani baƙin zare da ake gasawa ya fi ƙarfe ƙarfi, ga shi ba nauyi. Ya rage mata duk abin da zai ragu, har fenti sai da ya yi mata rowa. Nan kuma masifar take. Da an taka ta ta kai ƙarshen gudu, sai iska ta shige ƙarƙashinta, hancin ya fara ɗagawa, sitiyari ya saki a hannu. Ya sauya fiffike, ya sauke gaba, ya wuni a ɗakin gwajin iska gaban ƙatuwar fanka yana kallon hayaƙi na bin jikinta. In ya ɗora mata nauyi ta zauna, gudun ya tafi. In ya cire, ta nemi tashi sama.

"Injiniya, mota na ce ka ƙera mini, ba jirgi ba," in ji Mai Kamfani. "Ka gyara ta, ka samu kaso a kamfanin nan, a rubuta sunanka a bayanta. Ka kasa, akwai masu jiran ofis ɗinka."

Kada ku ce tsoron kora ne ya kai shi inda ya je. Mutum irinsa ba ya rasa aiki. Kason nan ne ya tsone masa ido.

Wani direban janwe, motar jan motocin da suka lalace, shi ya yi masa kwatancen wani boka, can bayan filin da ake jibge motocin da suka yi haɗari. Da rana tsaka ya shiga, amma ɗakin duhu ne dunɗum, ba taga. Da idonsa ya saba, ya ga kujerun mota jere suna fuskantar bango, kowace da baƙin tabo, kowace an ɗaure mata bel alhali ba kowa a kai. Fasassun madubai na reto daga rufi. Wata tukunya na fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi da baƙin mai.

"Kana neman nauyin da ke dannewa amma ba ya jan baya," in ji boka, tun kafin a gaisa.

"Babu irinsa a ilimi."

"Shi ya sa ka zo nan."

Injiniya ya ce, "Ni dai ba na zub da jini."

"Wa ya ce maka jini? Ƙara mata kujera ta biyu. Na san yadda kuke yi. Ku zuba kumfa a leda, mutum ya zauna a kai, ta sandare da siffar bayansa." Ya miƙa masa ƙullin baƙin gari. "Zuba wannan a ciki. Wanda zai zauna kuwa, ya zama naka ne, wanda in ka ce zauna ba ya tambayar dalili."

"Me zai same shi?"

"Zama zai yi. Kai ma ba a zaune kake ba?"

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, Injiniya kuma ya san ta sarai: yaushe zai tashi? Mutumin da ba ya ɗaura noti sai ya auna, ya haɗiye ta ya fita.

Ƙanensa Auta bakanike ne a garejin kamfanin, Injiniya ne ya samar masa aikin. Saurayi ne mai raha, mai kallon yayansa kamar shi ya ƙera wata.

"Auta, zo zauna nan."

"Kai, Yaya! Yau ni ne babban baƙo?" Ya faɗa cikin ledar yana dariya. "Ashe abin da ɗumi. Ka ce su sa mini wurin ajiye shayi."

Kumfar ta kumbura ta rungume shi, ta sandare. Da zai tashi sai da Injiniya ya ba shi hannu, ya kuma ji hannun da nauyi.

Aka lulluɓe kujerar da fata, aka ɗaura ta, aka tura motar gaban fanka. Ana ƙara wa iska ƙarfi, sikelin da ke ƙarƙashin tayoyin gaba ya fara hawa, yana hawa, hancin ya lafe a ƙasa. Aka kashe fanka, nauyin ya ɓace. Ma'aikata suka kaure da tafi, kowa ya ɗauka sabon fiffike ne.

A gida kuwa Auta ya fara cewa ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ya zauna a kujerar falon mahaifiyarsu, bai sake tashi ba. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Ranar da aka yaye wa motar mayafi a baje koli, fitilu na walƙiya, ranar Auta ya cika a zaune, bayansa a lanƙwashe daidai siffar kujerar nan. Ƙarti suka taru a kan gawar siririn saurayi, da kyar suka ɗaga.

Sai arziki ya ɓalle. Kaso, gida mai bene, hotonsa a mujallu. Injiniya ya yi kuka a gaban mutane, kukan kuma na gaske ne, amma bai mayar da komai ba. Inna, mahaifiyarsu, ita hankalinta ya tafi. Ta wuni gaban kujerar falo tana jan iska da hannu biyu tana cewa, "Tashi mana, Auta. Wa ya danne ka?"

Ba a jima ba wani attajiri ya ce yana son irin motar, ko nawa ne. Injiniya ya koma bayan filin.

"Kowace mota da nata mai zama," in ji boka. "Naka, ka ji? Ba bare ba."

Injiniya ya karɓi ƙullin. A ransa ya ce zai yi wa boka wayo, ya zaunar da mai gadi, ai shi ma nasa ne tunda a ƙarƙashinsa yake ci. Ku ji fa lissafin mai ilimi. Ya zuba kumfa, ya juye garin, ya leƙa waje yana ƙwala wa mai gadi kira. Ya manta matarsa ta ce za ta biyo da 'yarsu tilo, 'Yar Baba, bayan makaranta, ta ga motar babanta.

"Baba! Kujerar nan da ɗumi!"

Ya juyo. 'Yar Baba na cikin ledar da jakar makarantarta a cinya, tana wasa da ƙafafu. Ya fizgo ta da ƙarfin da ya sa ta kuka, amma siffar ɗan bayanta ta riga ta fito a kumfar. Ya sare kumfar da zarto, ya banka mata wuta. Washegari yarinyar ta ce, "Baba, ƙafata ta yi nauyi."

Ya faɗa ɗakin boka ba sallama. "Karɓi komai. Gidan, kason, komai. Ka sake ta!"

"Ba ni na riƙe ta ba. Layi ta shiga, na gaba ne ya tare hanya. In ya tashi, aikin ya warware, ita ma ta tashi."

"Yaya zan yi ya ji ni?"

"Ka same shi a bakin aikinsa."

Injiniya ya gane. Auta ba ya zuwa sai a ƙarshen gudu, can ne kuma in ya tashi ba abin da zai riƙe motar.

Da hantsi ya fito da motar farko titin gwaji, ya sallami direban kamfani, ya ɗaura bel. Ya taka. Inji ya yi kururuwa a bayansa, shingen gefe ya zama zare. Can ya ji fatar kujerar kusa da shi ta yi ƙara, ta lotsa. Warin sabulun da Auta ke wanke baƙin mai ya cika motar. Bai iya juyawa ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

Hawaye suka rufe masa ido. "Ni na cuce ka. Na sani, na yi. Ka tashi, 'yarka na bayanka."

"Kai ka ce in zauna, Yaya. Na gaji ƙwarai. In tashi?"

"Tashi, ƙanena."

Fatar kujerar ta dawo daidai. Sitiyari ya saki. Titi ya ɓace daga gilashi, sai sama.

A wannan sa'ar 'Yar Baba ta sauko daga gado da ƙafarta ta nemi ruwa. Shi kuwa bai mutu ba, ƙwaryar motar da ya zana da hannunsa ta hana. Ƙashin bayansa ne ya tafi. Aka binciki zanensa, aka ga ba yadda za a yi motar ta zauna a ƙasa, aka ce ya yi wa gwaji maguɗi. Kaso ya tafi, gida ya bi. Da ya faɗa wa matarsa gaskiya, ta riƙe hannun 'yarta ta fita.

To, kai mai hanƙoron a rubuta sunanka a bayan wani abu, ka ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ka abin da ilimi da gumi suka hana ka, daga cikin gidanka zai ɗiba, kuma da wanda ya fi yarda da kai zai fara. Kada ka ce ba ka sani ba, Injiniya ma ya sani.

Yanzu yana falon Inna, cikin keken guragu. Kullum tsohuwar sai ta zo ta kama hannunsa da hannu biyu tana ja, tana kallon fuskarsa ba ta gane shi.

"Tashi mana, Auta," take cewa. "Yayanka na nan zuwa, shi zai ɗaga ka."